Barga a Tafin Hannu

Ni Tsahiru, mai gyaran salula a bakin Babbar Kasuwa,
ina da dawaki goma sha bakwai.
Ba wanda ya taɓa jin haniniyarsu a Mokoyo,
ba su san harawa ba, ba su lasar kanwa.
Bargarsu gilashi ce mai tsaga a kusurwa,
in caji ya ƙare, su kwanta duka.

Da dare, in na ture kwanon tuwo,
sai in zauna lissafin jini.
Wannan ingarma gudu tamanin da huɗu, juriya sittin.
Waccan goɗiya tana da numfashi, amma tana tsoron shinge.
In haɗa su, in biya da abin da na tara sati uku,
kwana biyu dukushi ya faɗo.
Kwana biyu! Allah bai yi haka ba, na sani.

Guguwa ne ya fara ci mini sukuwa,
akawal, baƙi wuluk, da ɗigon nono a goshi.
Ya bar dokin wani da ban san ƙasarsa ba,
mutumin da sunansa rabi haruffa, rabi lambobi.
Na yi ihu ƙarfe ɗayan dare,
Rakiya ta zabura da fitila, ta ɗauka kunama ce.

Daga nan na maƙale masa.
Na ba shi ƴarsa. Na ba shi jikarsa.
Lambobi na hawa, ni ma ina hawa,
har aka haifa mini Tsinke,
gudu casa'in da ɗaya,
amma kafin rabin fili ƙafa ta saki,
ya tsaya yana haki a tafin hannuna.
Sau uku haka.

Ranar Juma'a Baba Nomau ya zo daga Jiratawa
a gyara masa madannin ƴar wayarsa.
Shekara talatin ya yi yana buɗe bakin dawaki
kafin babura su kore shi daga dillanci.
Na nuna masa. Ya runtse ido ɗaya.
"Buɗe min baki in ga haƙori."
Na ce ba ya buɗuwa.
"Ɗaga kofato."
Na ce ba ya ɗaguwa.
"To wa ya haife shi?"
Wannan kam akwai. Na jawo masa asali:
Guguwa ta wajen uba, Guguwa ta wajen uwa,
Guguwa har can sama.
Ya ja tsaki mai tsawo.
"Ruwan da ka zuba a rijiya shi kake ɗebowa, yaro.
Je ka nemo baƙuwa, ko mummuna ce."

Na sayo wata danda mai arha daga bayan teku,
gudu saba'in kacal, ƙirji kamar turmi.
Ƴan majalisa suka yi dariya har shayi na biyu ya huce.
Da ƴarta ta zo na kira ta Gulbi,
don shi ma ba ya gaggawa, sai damina ta nutsa.

Ranar babbar sukuwa wuta ta ɗauke tun la'asar.
Caji kashi tara, rezo na zuwa na komawa.
Na hau katangar maƙwabci ina ɗaga hannu sama.
Gulbi ta tashi a ƙarshe,
ta takwas, ta shida,
na gaba suna zubewa ɗaya-ɗaya kamar kanya,
ita tana nan, tana nan.
Ta biyu ta zo. Tsawon wuya ya raba su.

Na kira Jiratawa da sauran kashi biyu.
"Ta gama da ƙafa huɗu?"
Na ce ta gama.
"Madalla. In ta yi kashi ka tara min,
gonata na son taki."

Yana cikin dariya gilashin ya yi duhu.
Na sauko a hankali,
da dawaki goma sha takwas suna barci a aljihuna.